Kunne Ma Jari Ne: Abin da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Sani Game da Sauti

  A wannan makon mun ɗan ajiye zancen canjin kuɗi da wahalar kan iyaka, za mu duba wani jari da kowannenmu yake fita da shi kasuwa kowace safiya amma ba ya sa shi a lissafi, wato kunnensa.

Da kunne muke jin tayi, da shi muke sallamawa. Da shi ake karɓar odar kaya ta waya, da shi ake sauraron saƙon murya na WhatsApp, wanda da yawanmu ya fi mana rubutu sauƙi. Kuma akasarinmu muna ciniki ne da yaren da ba mu tashi da shi ba, ko yaren Asanti, ko Faransanci, ko Fulatanci, ko Larabcin Chadi, inda harafi ɗaya in ya kuɓuce maka sai magana ta juye. Ga shi kuma wuraren da muke neman abinci su suka fi ko'ina cin kunne: janareta a bayan rumfa, injin niƙa a gefe, masu walda, odar manyan motoci, ga mai sayar da sifika yana gwada kayansa tun safe har magariba. Shi ya sa na ga ya dace mu san mene ne sautin nan, yaya yake tafiya, ina yake amfanar mu, kuma ta ina yake cutarwa. Ilimin ba shi da wuya, rabinsa ma muna aiki da shi kullum, sunansa ne kawai ba mu sani ba.

Daga ina sauti yake fitowa?

Ɗora yatsunka biyu a maƙogwaronka ka ce "aaa". Za ka ji wurin yana karkarwa. Ko ka zuba ƙwayar gero kaɗan a kan fatar ganga ka buga ta, za ka ga geron yana tsalle. Duk wani sauti a duniya haka yake farawa: wani abu ne ke karkarwa, yana zuwa gaba yana komawa baya da sauri. In fatar ganga ta yo gaba sai ta ture iskar da ke jikinta, ita kuma ta ture ta gabanta, a yi ta miƙawa har turin ya iso dodon kunnenka, shi ma ya kama karkarwa.

Abin lura a nan shi ne, iskar da ke bakin mai magana ba ita ce take tasowa ta shiga kunnenka ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin teku a Lome ko Kwatano ya ga misalin. Igiyar ruwa tana tahowa daga nesa kamar za ta kwaso komai, amma kwale-kwalen masunta da ke can ciki sai dai ya ɗaga sama ya sauko, yana nan inda yake. Motsin ne ke tafiya, ruwan yana wurinsa. Haka in iska ta bi ta kan gonar shinkafa, za ka ga kamar wani abu yana gudu a kanta alhali kowane kara yana tsaye a gindinsa. Wannan motsi mai tafiya shi masana ke kira igiya. Bambancin kawai, ruwa sama da ƙasa yake yi, ita kuwa iska matsewa take yi tana saki, kamar layin mutane a bakin banki in na baya ya turo.

Tunda turi ne ake miƙawa, dole a sami abin da za a tura. A shekarar 1660 wani masani mai suna Robert Boyle, a Ingila, ya rataya agogo a cikin tulun gilashi, ya riƙa zuƙe iskar da ke ciki da famfo. Iska na raguwa, ƙarar agogon na dusashewa, har aka daina ji, alhali ana ganin agogon yana aiki. Da aka mayar da iska sai ƙara ta dawo. Don haka can sararin samaniya inda babu iska, ko me ya fashe ba a jin ƙararsa.

Gudun sauti da lissafin tsawa

A cikin iska sauti yana cin kimanin mita 343 a sakan ɗaya, wato wajen kilomita 1,200 a awa. In rana ta yi zafi yakan ɗan ƙara sauri. A cikin ruwa yana yin kusan mita 1,500 a sakan, a cikin ƙarfe kuwa wajen mita 5,000. Shi ya sa in aka buga dogon bututun ƙarfe a can ƙarshensa, wanda ya kara kunne a wannan ƙarshen yakan ji bugu biyu: na farko ta ƙarfen, na biyu ta iska.

Haske kuwa ba a haɗa shi da sauti a gudu, kilomita 300,000 yake yi a sakan. Walƙiya da tsawa lokaci ɗaya suke faruwa, amma hasken nan take yake iso ka, ƙarar kuma sai ta biyo baya a hankali. Ga lissafin da kowane direba da kowane yaro ya kamata ya riƙe: in ka ga walƙiya, fara ƙirga sakan har ka ji tsawar. Kowane sakan 3 kilomita ɗaya ke nan. In ka ƙirga 9, abin yana nesa da kai da kilomita 3. In ƙirgarka ba ta kai 30 ba, to hadarin yana kusa da zai iya kai maka, sai a nemi ɗaki ko cikin mota a rufe ƙofa. Kada a fake a gindin bishiya, kada a tsaya a fili, kuma kada yaron mota ya hau saman kaya yana ɗaure tamfol a wannan lokacin. Kaya in sun jiƙe ana shanya su.

Kauri da siranta

Me ya raba muryar namiji da ta mace, ko kukan sa da na sauro? Yawan karkarwa a sakan ɗaya. Ana auna shi da haz, sunan da aka ɗauko daga wani Bajamushe, Heinrich Hertz. Haz ɗaya karkarwa ɗaya ce a sakan. Muryar babban namiji tana wajen haz 120, ta mace wajen 200 ko sama da haka, fiffiken sauro kuwa yana kaɗawa wajen sau 500 a sakan, shi ya sa kukansa siriri ne. Kunnen yaro mai lafiya yana ji daga haz 20 har zuwa 20,000. Abin da ya gaza haka ko ya haura, yana nan amma ba mu jin sa. Giwaye suna kiran juna daga nesa da wani gurnani mai kaurin da ya fi ƙarfin kunnenmu, ƙananan jemagu masu cin ƙwari kuma suna gane hanya cikin duhu da wani kuka siriri da ba mu ji.

Abubuwa uku ke sa abu ya yi karkarwa da sauri: ya zama gajere, ya zama marar nauyi, ko ya ɗaure tamau. Mai gurmi ya san haka, in ya danne tsarkiya da yatsa ya gajarta ta sai sautin ya hau. Kakaki dogo ne, muryarsa kauri. Sarewa gajera ce, muryarta siririya. Uwargida mai cika jarka a famfo ba ta buƙatar leƙawa, tana jin sautin yana hawa yana sirancewa ta san ruwa ya kusa baki, domin iskar da ta rage a ciki tana gajarcewa.

Babban gwani a nan shi ne mai kalangu. In ya matse igiyoyin da hammatarsa fata ta ɗaure, sauti ya hau. In ya saki, ya sauka. Da haka yake sa ganga ta yi magana, don Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya. Kuka na hawaye da kuka ta miya rubutunsu ɗaya, murya ce ke raba su. Haka wuya na jiki da wuya ta wahala. Kalangu ba ya furta harafi ko ɗaya, hawa da saukar kalma yake bi, Bahaushe kuma ya gane kirarin wa ake yi.

Kowace igiya tana da tsawo, wato tazarar da ke tsakanin wannan turi da na bayansa. Sauti mai kauri na haz 100 tsawon igiyarsa ya kai mita 3 da 'yan kai, siriri na haz 10,000 kuwa bai wuce santimita 3 da rabi ba. Doguwar igiya tana zagaye bango tana ratsa shi, gajera kuwa bango yana tare ta. Shi ya sa in ana biki a layin bayanku, dum-dum ɗin kiɗan ne ke hana ka barci, amma ba ka jin abin da mawaƙin ke faɗa.

Mu masu sauraron rediyo mun daɗe muna faɗin wannan awo. Tun ranar 13 ga Maris 1957 da BBC ta fara watsa shirye-shiryen Hausa, iyayenmu a zango suke murɗa akwati suna neman "gajeren zango, mita 19" ko "mita 25". Mitan nan tsawon igiyar tashar ne. Ta FM kuwa wajen mita 3 ce. Sai dai igiyar rediyo ba sauti ba ce, dangin haske ce, da gudun haske take tafiya kuma ba ta buƙatar iska. Hertz ɗin nan shi ya tabbatar da samuwarta a 1887. Tasha tana ɗora muryar mai labarai a kanta kamar yadda ake ɗora kaya a mota, akwatinka ya sauke kayan ya mayar da su sauti. Gajeren zango yana haurawa sama ya bugi wani rufin iska mai caji da ke can ƙololuwa ya dawo ƙasa a wata ƙasar, shi ya sa a da mutum yana Kumasi yakan kama Kaduna a mita 49. FM ba ta dawowa haka, kana yin nisa da gari take ɓacewa.

Ƙwanƙwasa kafin ka biya

Tun kafin mu ji sunan kimiyya, iyayenmu mata ba su sayen tukunya ko randa sai sun ƙwanƙwasa. Lafiyayyar tukunya da ta gasu tana amsawa da ƙara mai tsawo, domin karkarwar tana zagaye jikinta ba abin da ya tare ta. In akwai tsaga, ko da ido bai gan ta ba, karkarwa tana isa wurin sai ta mutu, ka ji "ƙwaf". Wannan gwajin yana aiki a kan faranti na tangaran, kofin gilashi, da tayil. Bayan an shimfiɗa tayil ma, bi shi da ƙwanƙwasa: inda ya yi ƙarar fanko, siminti bai kama ƙarƙashinsa ba, nan zai fara fashewa. Mai sayen man ja ko man gyaɗa a duro yana bin jikin duron da ƙwanƙwasa daga sama zuwa ƙasa, inda sauti ya canja nan man ya tsaya.

Direbobin tirela suna zagaya mota suna bugun tayoyi da ƙarfe a kowane zango. Dabara ce mai kyau don gano tayar da ta sace a cikin tagwaye, wadda ido ba ya ganewa saboda 'yar'uwarta ta ɗauke mata nauyi. Amma fa kunne ba ya gane ƙaramin ragin iska. Wannan sai an sa geji, kuma gejin bai kai kuɗin taya ɗaya ba, balle kuɗin kaya da rai.

Asibiti ma ƙwanƙwasar suke yi, da na'ura. Hoton ciki da ake yi wa mata masu juna biyu sauti ne siriri ƙwarai, miliyoyin haz, ake turawa cikin jiki, ya bugi abin da ke ciki ya dawo, na'ura ta auna lokacin dawowarsa ta zana hoto. Ba irin hasken hoton ƙashi ba ne, don haka maigida ya daina hana iyali zuwa awo da sunan wai hoton yana ƙona jariri. Ƙaramar na'urar da ake jin bugun zuciyar ɗan tayi da ita kuma tana aiki ne da abin da wani masanin ƙasar Ostiriya, Christian Doppler, ya bayyana a 1842. Kai ma ka san abin: jiniyar motar asibiti in tana tunkaro ka siririya ce, tana wuce ka sai ta yi kauri, domin abin da ke matsowa yana takure igiyoyinsa, mai nisantawa kuma yana miƙe su.

Masallaci, lasifika da lambar ƙarya

Sauti in ya bugi abu mai tauri da santsi, dawowa yake yi. In bangon ya kai nisan mita 17 ko fiye, za ka ji maganarka ta dawo daban, wato amsa-kuwwa. In bai kai ba, sai dawowar ta cakuɗe da maganar. Wannan ita ce matsalar da yawa daga sababbin masallatanmu na zango. An tara kuɗi an yi gini mai kyau, tayil a ƙasa, tayil a bango, silin na siminti, sai a wayi gari liman yana huɗuba ana jin ƙara ba a jin magana. Kwamiti kuma sai ya ce a sayo babbar sifika, abin ya ƙara lalacewa, don an ƙara wa bango abin da zai maido. Maganin yana wajen abubuwa masu laushi da ke shanye sauti: kafet mai kauri, labule, silin mai laushi. Sannan ƙananan sifiku da yawa a rarrabe, kowace a ƙasa-ƙasa kusa da mutane, sun fi guda biyu manya da aka ƙure. Kukan nan mai tsinka kunne da lasifika ke yi kuwa, makirfo ne ke jin abin da sifika ta faɗa ya sake mayar mata, suna ta zagaye. A mayar da sifika gaban mai magana tana kallon jama'a, kukan zai tafi.

Kiran sallar asuba yana kai wa nesa fiye da na azahar, kuma ba shirun gari ne kaɗai dalili ba. Da asuba iskar da ke kusa da ƙasa ta fi ta sama sanyi, sauti kuma ya fi sauri a iska mai ɗumi, sai igiyar ta lanƙwaso ƙasa ta bi gari. Da rana ƙasa ce ke da zafi, sai ta lanƙwashe sama ta ɓace. Don haka ƙarfin da aka sa wa lasifika da azahar ya yi yawa da asuba. Mu da muke baƙi a garuruwan mutane, cikin maƙwabtan da ba duka ne Musulmi ba, rage shi kaɗan ba ya hana kowa jin kira, kuma yana kashe fitina tun ba ta taso ba.

Ga 'yan'uwa masu sayar da kayan sauti: lambar nan da ake bugawa a kwali, wat 3,000 ko 5,000 da haruffan PMPO a gefe, ba ma'auni ba ce da za a dogara da ita. Wadda ke nuna ainihin ƙarfin ita ce mai haruffan RMS, kuma sau da yawa za ka tarar ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na waccan ba. Sannan ninka wat sau biyu ba ya ninka ƙara a kunne, ɗan ƙari kaɗan ake ji. Sai an ninka wajen sau goma kafin kunne ya ce ƙara ta ninku. In ka gaya wa mai saye gaskiyar nan, yau ka rasa ɗan abin da za ka ɗora, gobe shi zai kawo maka kwamitin masallacinsu.

Inda asarar take

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauko zancen. A can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai ƙananan ƙasusuwa uku, ɗaya daga cikinsu shi ne mafi ƙanƙantar ƙashi a jikin ɗan Adam. Su ke miƙa karkarwa ga wani abu mai siffar katantanwa, cike da ruwa, wanda a cikinsa akwai ƙwayoyi masu gashi-gashi wajen 16,000. Su ne ke mayar da karkarwa saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana kwantar da su kamar yadda taku ke kwantar da ciyawa. In an taka sau ɗaya ciyawa takan miƙe, in kullum ne sai wurin ya zama hanya. Wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa, kuma har yau babu allura ko ƙwayar da ke dawo da shi.

Ana auna ƙarfin ƙara da desibel. Raɗa wajen 30 ce, hira ta yau da kullum wajen 60, titi mai cunkoso 80 zuwa 85, babur wajen 95, jiniya a kusa 120. Ma'aunin yana da yaudara, don ƙarin 3 kacal yana nufin ƙarfin ya ninku. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata ke bi ita ce: a desibel 85 kunne yana jure awa 8 a rana. A 88, awa 4. A 91, awa 2. A 94, awa ɗaya. A 100, minti 15 kacal. Injin niƙa da injin markaɗe sau da yawa suna haura 90, kuma yaran da muke ɗauka aiki suna tsaye a kansu daga safe har dare. Waya in an ƙure ta da abin sauraro a kunne tana iya kai 100 ko fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya ne ke cikin haɗarin lalacewar ji saboda irin wannan sauraro.

Mugun abin shi ne ba ya zafi, ba ya jini. Sirirran sautuka yake fara ci, inda haruffa irin su s, sh, f da ts suke. Mutum yana jin murya sarai, kalmomin ne ba ya rarrabewa, sai ya ce mutanen yanzu ba sa buɗe baki in suna magana. Akwai wani dattijo da muka yi maƙwabtakar rumfa shekaru, shagonsa yana manne da masu niƙa. A waya aka ce masa talatin ya ji tamanin, ranar da aka zo lissafi har aka kusa ɓatawa da abokin cinikinsa na shekara da shekaru, kowa yana rantsuwa, kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Daga baya ya daina zama majalisa, don ya gaji da cewa "na'am?" ana dariya. Iyalinsa suna cewa ya zama mai faɗa, alhali ihun da yake yi shi bai san ihu ba ne.

Alamomin da za ka duba: kunne yana maka "shuuu" ko "ziii" bayan ka tashi kasuwa, kana jin magana a ɗaki amma ba ka ganewa a cikin taro, yara suna cewa ka cika ƙure rediyo, kana mayar da waya wani kunnen. Gwaji mafi sauƙi kuma: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke nesa da kai da tsawon hannu ya ji ka, wurin ya kai ya yi ɓarna.

Abin yi

Na farko, nisa. A fili, duk lokacin da ka ninka tazararka da abin da ke ƙara, desibel 6 ke raguwa. Janaretan da ke ba da 95 a mita ɗaya zai koma wajen 89 a mita 2, 83 a mita 4, 77 a mita 8. Doguwar waya mai kauri ita ce magani mafi araha. A sa shi bayan bango, a ɗora shi kan tsohuwar taya don kada ƙasa da kwano su ɗauki karkarwar. Amma kada a kuskura a shigar da shi ɗaki, ko shago, ko baranda a rufe don rage ƙara ko tsoron ɓarawo. Hayaƙinsa yana da gubar da ba ta da wari, ta sha kashe gida guda cikin barci.

Na biyu, toshe kunne. Akwai 'yan soso da ake sayarwa a kantin magani da wajen masu kayan gini, da kuma irin wanda ake kifawa a kan kunne. Auduga ba ta tare abin kirki. In kana da injin niƙa, walda ko injin yankan katako, sayen wannan wa yaranka haƙƙi ne a kanka, kamar abincin ranarsu. A riƙa yi musu canji kuma, kada mutum ɗaya ya wuni a bakin inji. Uwargida mai zuwa markaɗe ta daina tsayawa jikin inji da goyo a baya, ta ajiye roba ta koma gefe.

Na uku, waya. Kada ƙarar ta wuce kashi 60 cikin 100, kuma a riƙa hutawa. In kana zaune gefen ɗanka kana jin abin da yake saurare ta abin kunnensa, ya yi yawa. A wurin biki ko wa'azi kada a shimfiɗa wa yara tabarma a gaban sifika.

Na huɗu, magani da tsinke. Wasu allurai irin su jentamaisin da sitireftomaisin suna iya kashe ji in an yi su ba bisa ƙa'ida ba, don haka kada a karɓe su a kemis sai likita ya rubuta. A daina sa tsinken ashana, gashin kaza ko makullin mota a kunne, dodon kunne fata ce siririya. Sanƙarau, ƙyanda da hangum suna kurumtar da yara, kuma akwai allurar rigakafinsu. Kunnen yaro in yana zubar da ruwa, asibiti za a kai shi, kada a ɗura masa mai ko ruwan ganye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na rashin ji a yara ana iya kauce masa. Jaririn da ba ya firgita in an buga ƙofa, ko ya kai wata shida ba ya waiwayar murya, a kai shi a duba da wuri, domin yaro da kunne yake koyon magana. Babba kuma in ya wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, ya je asibiti a ranar, don kwanakin farko su ne ake iya ceto shi.

Wanda jinsa ya riga ya ragu, ya je sashen kunne, hanci da maƙogwaro na babban asibitin garin da yake a auna shi. Wani lokaci dattin kunne ne kawai ya toshe, a wanke a wuce wurin. In kuma na'urar ƙara ji aka ce ya sa, ya sa abinsa, ba ta fi tabarau zama abin kunya ba. Kafin nan, duk cinikin da aka yi ta waya a bi shi da rubutaccen saƙo na adadi da farashi.

Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya tsare mana jinmu da ganinmu, Ya sa albarka a kasuwa, Ya kai matafiya gida lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.